Na haɗa kwamfutar gem a Gusau, ƙanena kuma ya sayi PS4

Kuɗin da na dawo da su daga bautar ƙasa a farkon 2021 ba su taka kara sun karya ba, amma su ne mafi kauri da na taɓa riƙewa da sunan nawa. Alawus ɗinmu a lokacin naira 33,000 ne a wata, ni kuma Allah Ya haɗa ni da makarantar da ta ba ni ɗaki kyauta, sai na riƙa ɗaure ciki ina ajiye abin da ya samu. Tun ina can na riga na yanke abin da zan yi da su: zan mallaki abin buga gem nawa na kaina. Wanda bai taso yana zarya a gidan gem ba zai ɗauki wannan wauta. Amma mu da muka girma a Tudun Wada muna zaman benci a shagon mai PS2 biyu da talabijin mai ƙeya, ana buga ƙwallo a kan sharaɗin wanda aka ci shi ke biya, mun san ɗacin a ce maka ka ajiye fad, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga gem, lokacinka ya ƙare alhali kana gab da ramawa.

Abin da ban yanke ba shi ne wanne zan saya. PS5 ta fito a Nuwamban 2020, amma ko a Turai da Amurka mutane layi suke bi ba sa samu, balle mu, don haka ba ta ma shiga lissafi ba. Zaɓin biyu ne: PS4 ta hannu, ko kwamfutar tebur da zan haɗa da kaina.

Autanmu, wanda ke koyon gyaran waya, bai ga abin dogon tunani ba.

"Yaya, ka sayi PS4 ka huta. Ka jona wuta, ka jona talabijin, ka zura faifai, shi ke nan. Kwamfuta kullum cikin jinya take."

Na ce masa shi yaro ne, bai san komai ba. A wurin bautar ƙasa na koyi CorelDraw a hannun wani abokin zamana, har na fara zana katin ɗaurin aure da fosta. A raina ina ganin zan jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, da rana aiki, da dare ƙwallo. Kuma gaskiya akwai wani dalilin da ban faɗa wa Auta ba, wato Baba. Ranar da na je masa da maganar, yana kishingiɗe a zaure da rediyonsa, bai ko ɗago ba ya ce:

"Wagga na'ura da kaka son saye, kuɗi taka kawowa ko ci takai?"

Da PS4 na ambata, da maganar ta mutu a nan. Da na ce kwamfuta ce ta aikin zane, sai ya ce Allah Ya sa albarka. Wannan wata fa'ida ce ta kwamfuta da ba za ka taɓa jin masu sharhin gem na ƙasashen waje sun faɗa ba: ita kaɗai ce ake shiga da ita gidan Bahaushe da rana tsaka ba tare da an yi maka kallon ɗan shiririta ba.

Sabuwar kwamfutar gem ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Dabarar da masu ƙaramin ƙarfi ke yi ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, irin waɗanda ake kwasowa daga Turai a jibge a Legas, sai a ƙara mata katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton gem. Na sa wani ɗan unguwarmu da ke harka a kasuwar kwamfutoci ta Ikeja ya nemo mini mai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Core i5 zubi na huɗu da ram giga 8. Ya turo hoto ta WhatsApp, na ga abu fes, na tura kuɗi, aka sako ta a mota. Kwana huɗu ina zarya tasha kafin ta iso a naɗe cikin kwali da buhu.

Kati kuwa a nan na gane kurena. Shekarar 2021 ita ce mafi munin shekarar sayen katin girafik. Korona ta jawo ƙarancin kayan haɗa na'urori a duniya, masu haƙar kirifto kuma sun bi kasuwa sun wawashe duk wani kati mai ƙarfi, har abin ya kai aka koma ƙera tsofaffi irin GTX 1050 Ti wanda tun 2016 ya fito. Shi na nufa, don dalili ɗaya: wat 75 kawai yake ci, daga jikin madabod, wato babban allon da ake dasa kayan kwamfuta a kai, yake shan wutarsa, ba ya bukatar wata waya daga fawa-fak, akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta. Kwamfutocin ofis fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, in ka ɗora musu kati mai haɗama irin RX 580 sai dai ka ji shiru. Na bi shagunan Gusau kaf ban samu ba. Wasu ma da na ce katin girafik sai su miƙo mini memori na waya.

Dole na shirya Kano. Muka yi sammako ta Tsafe zuwa Funtua, kowa a motar bakinsa da addu'a har muka wuce inda ake fargaba, sannan muka yanki Malumfashi da Gwarzo. A wajen titin Beirut na samu katin, na hannu, a wurin wani Alhaji mai fara'a. Farashinsa ya ɗara abin da na sayi kwamfutar gaba ɗayanta. Na yi ciniki har bakina ya bushe, ya rage abin da bai kai kuɗin motata ba. Na sa ya jona shi a tasa kwamfutar ya kunna gem na kusan rabin awa ina tsaye ina kallon monita, ina kai hannu kusa da fankar ina jin zafinta, don an gargaɗe ni cewa katin da ya gaji ba ya nuna halinsa sai ya ɗau zafi, sai ka ga zane-zane da ɗigo-ɗigo sun ɓata hoto. Wannan bai yi ba. Na biya, na kwana wurin wani abokina a Kurna, washegari na juyo.

Bayan isha'i muka shimfiɗa tabarma ni da Auta, ya kawo sukundirebobinsa na gyaran waya, na buɗe murfin kwamfutar, na zaro katin daga ledarsa kamar mai ɗauko jariri. Na kai shi bakin raminsa. Ya ƙi shiga. Na juya shi, na karkata, na sake gwadawa. Ƙarfen bayansa ya fi akwatin tsawo da kusan yatsa uku. Ashe kwamfutocin ofis iri biyu ne, akwai siririya akwai mai jiki, ni kuma siririyar aka aiko mini, wadda sai gajeren kati na musamman take ɗauka. A hoto duk ɗaya suke. Auta ya dube ni, ya dubi katin, ya cije leɓe yana danne dariya.

"Yaya, ko mu ɗan sare shi da zarto?"

Ban tanka masa ba. Zuwa da kai ya fi aike, kuma laifin nawa ne, don ban tambaya ba. Sai da na yi mako biyu ina neman mafita kafin na samu wani mai shagon buga takardu a Sabon Gari da ke da mai jikin, irin zubin tawa, shi kuma wuri ya yi masa kaɗan a tebur. Muka yi musaya na yi masa ciko. Daga nan na ƙara ram ya zama giga 16, na sayi ƙaramin SSD, wato ma'ajiya mai sauri, na ɗora Windows a kai, na bar tsohon had-disk ɗin don ajiyar gem. Monita kuwa ta gwanjo ce mai inci 22. In ka tara duka, har da kuɗin motar Kano, abin da na kashe ya sayi PS4 mai fad biyu har a yi canji. Tun daga ranar da kwamfutar ta iso zuwa ranar da na fara buga ƙwallo a kanta, an yi kusan wata biyu.

Amma da ta tashi, ta tashi. Na sayi gem ɗin ƙwallo PES 2021 a Steam, shagon sayar da gem na intanet, da katin bankina, lokacin ana iya kashe dala 100 a wata da katin naira. Abin da ya fi burge ni ba kyan hoton ba ne, 'yancin taɓa gem ɗin ne. Kamfanin Konami mai gem ɗin ba shi da lasisin ƙungiyoyi da yawa, shi ya sa za ka ga sunayen bogi da riguna marasa kan gado. A PS4 ana gyara wannan da fayil a filash, amma iyakarsa riguna da tambari da sunaye. A kwamfuta kuwa masu son gem ɗin sun yi faci iri-iri da ke canza filaye, fuskokin 'yan wasa, allon maki, har waƙoƙin 'yan kallo. Na ɓata dare uku ina ƙirƙirar Zamfara United da hannuna, na cika ta da 'yan unguwarmu, na ba mai shayin bakin layinmu gudu 99. Ranar da ya zo ya ga kansa ya zura wa Real Madrid ƙwallo biyu, shayin daren kyauta na sha.

Ga kuma arahar fad. Kwamfuta ba ta da zaɓe, ko irin fad ɗin nan tagwaye mai waya ɗaya da ake sayarwa a kasuwa ka jona mata za ta karɓa, sai dai wani gem ɗin ka haɗa da ƙaramar manhaja da za ta sa ya ɗauka na Xbox ne. Sannan buga gem da mutanen waje ta intanet ba a biyan ko sisi, alhali a PS4 yawancin gem sai kana da rajistar PlayStation Plus. Shagon Epic kuma duk mako yana ba da gem kyauta. Ni tun a watan Mayun 2020, ina zaman kullen korona, na karɓi GTA V ta wayata ba tare da ina da abin buga shi ba, na ajiye shi kamar wanda ya sayi linzami kafin doki.

Sai dai kyautar tasu tana da haraji, kuma sunan harajin data. GTA V ya doshi giga 100. Wanda ke zaune inda ake da intanet na waya har cikin ɗaki ba zai gane nauyin wannan lamba ba. Ni da datar dare na fara, ina saita ƙararrawa ƙarfe 12, in ɗora wayar a kan taga inda sabis ya fi ƙarfi, in tashi da asuba in tarar giga 3 ta sauka ko kuma layin ya yanke tun ƙarfe ɗaya. Da na lissafa na ga sai na yi wata, sai na haƙura na ɗauki had-disk na je wurin wani ɗalibin jami'ar tarayya da ke da shi, na kwafo fayilolin, na bar manhajar ta tantance su ta cike abin da ya rage. Ita wannan ma fa'idar kwamfuta ce, amma sai wanda ya san hanya.

Ana cikin haka Auta ya kwashi adashinsa bayan babbar salla, bai yi shawara da kowa ba, ya dawo gida da PS4 Slim ta hannu, fad biyu da faifan FIFA 21. A cikin buhun shinkafa ya shigo da ita saboda Baba. Na duba agogo don in samu abin gori: daga buɗe buhun zuwa busa usur ɗin farko bai cika awa ɗaya ba, har da jiran faifan ya gama shiga. Na ce masa hotona ya fi nasa kyau. Ya ce, "Na ji, Yaya. Zo ka karɓi fad."

Abin da ya raba gardamar farko ba mu muka shirya shi ba. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Babu kira, babu saƙo, babu intanet. Kafin nan da 'yan kwanaki an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da fetur a jarka, an taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Mutane na cikin tashin hankalin da ya fi gem nesa, masu POS sun zauna, mai ɗan'uwa a wani gari bai san halin da yake ciki ba, wasu sai sun bar jihar kafin su yi waya. Ba ina haɗa damuwata da tasu ba ne. Amma abin da ya same ni ya same ni.

Kwana ɗaya kafin a ɗauke layin, wani ya kawo mini filash da hotunan amarya da ango, ashe cike yake da bairos ɗin nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi. Kwamfutar ta fara nauyi. Maimakon in bi a hankali, sai na yi zuciya na yi mata fomat da daddare, na goge Windows na sake ɗorawa, da niyyar gobe in sauko da Steam da direban kati, wato manhajar da ke sa katin aiki. Gari ya waye babu sabis. Garin neman gira na rasa ido. Gem ɗina duk suna nan lafiya a ɗaya had-disk ɗin, ina ganin su, amma babu mabuɗi. Steam yana da tsarin aiki ba intanet, sai dai sharaɗinsa ka riga ka shiga asusunka a kan na'urar, ni kuwa na goge komai da hannuna. Katin da na je har Kano dominsa ya koma kamar babu shi, don ba direba, gumakan allo sun yi ƙato-ƙato kamar na kwamfutar firamare.

PS4 ɗin Auta kuwa ko a jikinta. Faifai ba ya tambayar sabis. Da yake dare ya yi wa samari tsawo, ba yawo ba hira a waya, sai ɗakinmu na soro ya koma dandali. Aka haɗa kuɗi aka ƙaro fad biyu, tunda tana ɗaukar huɗu a lokaci guda, ana buga biyu-biyu, masu jiran layi na zaune har bakin ƙofa. In wuta ta ɗauke sai a tada ƙaramin inji, man kuma tunda ba a sayarwa a jarka, babur ɗin wani ake cikawa a gidan mai da rana a dawo a zuƙo da tiyo. Na taɓa kurɓar fetur a wannan aikin, kwana biyu ina jin sa a maƙogwaro. A nan na lura da abin da ban taɓa sa wa a lissafi ba. Kwamfuta ta mutum ɗaya ce, kujera ɗaya, fuska kusa da monita. PS kuwa ta taro ce. Ana iya jona kwamfuta da talabijin a sa fad huɗu, na sani, amma duk sanda aka yi haka sai an nemi mai ita ya zo ya daidaita wani abu. PS ɗin Auta ko yaron maƙwabta ɗan shekara 10 kunna ta yake.

Bayan kwana tara na samu direban katin a filash ɗin wani mai gyara. Gem kuwa, kunya ta ishe ni amma zan faɗa: wurin masu lodi na je na biya aka zuba mini kwafin sata na PES 2021, gem ɗin da na riga na saya da halalina. Shi bai nemi intanet ba. Na zauna ina mamakin yadda wanda ya biya ke zaune, wanda bai biya ba ke wasa. Ban ce a bi wannan hanyar ba, don haƙƙin masu shi na nan, kuma a irin lodin nan ne ake kwaso bairos ɗin da ya jefa ni cikin ramin tun farko. Masu PS4 ma suna da tasu, waɗanda ake cewa an buɗe su ana zuba musu gem a had-disk, amma wadda aka buɗe ba ta hawa layi a yi wasa da mutanen waje, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure ta rufe ke nan. Sai a farkon Oktoba aka maido wa Gusau sabis. Abin da na fara yi, kafin ma in kira kowa, shi ne shiga Steam.

Zagaye na biyu nawa ne. Hunturu ya shigo da ƙurarsa, ya wuce, bazara ta kama. Duk wanda ya san Gusau a watan Afrilu ya san zafin da ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. PS4 ta fara kuka kamar injin markaɗe, har ba a jin mai sharhin wasa, daga baya ta riƙa rubuto gargaɗin zafi tana kashe kanta. Ni tawa duk ƙarshen wata nake kwance ƙusa biyu, in fitar da ita tsakar gida, in bi fankokin da burushin fenti da abin hura iska, minti goma an gama. Ta Auta sai da aka kwance ta gaba ɗaya kafin a kai ga inda ƙurar ta dunƙule kamar auduga a bakin ƙarfen sanyaya, aka goge busasshen man da ke kan firosesa aka shafa sabo. Allah Ya taimaka hannunsa ya saba da ƙananan ƙusoshi.

Sai kuma wata rana da damina aka kawo wuta da ƙarfin da ya wuce kima. Na ji ɗas, sai warin ƙonewa. Fawa-fak ɗina ya tafi. Raina ya ɓaci, amma kafin la'asar ɗin washegari na samo wani na gwanjo a cikin gari, ƙusa huɗu da 'yan wayoyi, ta tashi kamar ba a yi ba. Daga nan na sayi stabilaiza da ƙaramin UPS, abin da ya kamata in fara saya tun kafin kati. Wata biyu bayan haka ɗan yayarmu ya yi tuntuɓe da wayar HDMI ta PS4, ramin ya ɓalle daga ciki. Wannan ba aikin sukundireba ba ne, sai mai injin zafi da ya iya cire rami ya dasa wani a kan bod. Auta bai yarda da hannunsa a kai ba, ubangidansa ma ya ce bai taɓa yi ba. Aka ba direba ita zuwa Kano, ta yi mako uku. Kwamfuta gunduwa-gunduwa take, abin da ya mutu shi kaɗai za ka binne. PS kuwa dunƙule take, in wuri ɗaya ya samu matsala duk gidan ya yi shiru. Haka fad ɗinta: na asali tsada, jabu kuma sun cika kasuwa, kwalinsu ɗaya da na gaske, sai bayan wata guda ka ga ɗan wasanka na tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba.

A cikin makonni ukun nan 'yan soro suka dawo wurina, na jona fad ɗin PS4 da waya a kwamfutar, Steam ya karɓe su ba musu. Na sha gori na rama har da riba. Kuma a watan Janairun 2022 God of War, wanda Auta ke yi mini taƙama da shi cewa sai a PlayStation, ya fito a kwamfuta, Spider-Man ya biyo baya a Agusta. Na ce masa saura me?

Ashe saura FIFA 23. Da ya fito a ƙarshen Satumban 2022, na kwamfuta an ɗaga shi zuwa zubin sababbin na'urori. Mafi ƙarancin abin da yake nema shi ne katin GTX 1050 Ti, wato nawa daidai wa daida, da firosesa Core i5 zubi na shida, da wurin ajiya giga 100. Nawa firosesan zubi na huɗu ne. Na gwada a wurin wani mai irin kayana kafin in yi asarar kuɗi, muka ga 'yan wasa na tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. Ita kuwa PS4, na'urar da aka fara sayarwa tun Nuwamban 2013, aka yi mata nata zubin daidai ƙarfinta. Auta ya kai tsohon faifansa ya yi ciko aka ba shi sabo, ya zura, ya zauna. Da aka canza wa gem ɗin suna ya koma EA Sports FC a 2023, nan ma ba a bar ta a baya ba. Wannan musayar faifai ma wani abu ne da ba ni da shi, don gem ɗin da ka saya a Steam ya zama naka har abada, ba ka sayarwa, ba ka musanyawa.

Masu kwamfuta kan ce ai gyara ne, sai ka canza abin da ya tsufa. Haka ne a baki. Da na zauna lissafi sai na ga firosesa sabon zubi ba ya hawa madabod ɗina, sabon madabod ba ya karɓar ram ɗina na DDR3 sai DDR4, kuma akwatin ofis ba kowane madabod yake ɗauka ba. Ka ja zare ɗaya, riga ta warware. Tun kafin nan bankuna sun rage abin da katin naira ke kashewa a waje zuwa dala 20, ina cikin tara kuɗin kuma da yawansu suka dakatar gaba ɗaya, a lokacin sai ta hannun masu sayar da katin kyauta, wato gift card, ake sayen gem, su ma da ribarsu. Wannan bai bar Auta ba, don shagon PlayStation ba shi da reshen Najeriya, asusun Amurka ya buɗe da adireshin da bai san ko ina ne ba. Sannan 2023 ta zo, aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a Yuni. Litar da muke saya naira 165 lokacin rufe layi ta haura 500, duk abin da ake shigowa da shi da dala ya yi tashin gwauron zabo. Tada inji don ƙwallo ya zama abin da sai an yi karo-karo.

Abin da ya cece mu ɗan sola ne da na haɗa da kuɗin aikin fosta na lokacin zaɓe, faranti biyu da batir ɗaya da ƙaramar inbata. A nan ma na ga bambanci da idona: in PS4 da talabijin ne a kai, batirin kan kai mu tsakar dare, in kwamfutata ce da monita da fanka, tun wajen sha ɗaya inbata ke fara ƙara. Don haka ba tare da an zauna an yi yarjejeniya ba, rana ta zama tawa, dare ya zama nasa.

Yanzu kwamfutar tana wani ɗan shago da na kama, ita ke zana katin biki da kalandar Islamiyya da takardun 'yan makaranta, ta biya kuɗinta ninki ban san adadi ba. Windows 11 ba ta karɓe ta ba, don daga zubi na takwas take farawa. In kasuwa ta yi sanyi bayan azahar nakan saki labule in buga PES 2021 ɗina, inda har yau mai shayi ke da gudu 99 duk da ya yi aure ya yi tumbi. Da dare kuma ina soro a layin masu jiran fad, kuma fad ɗaya daga cikin huɗun ni na saya da kuɗina, abin da Auta ba ya bari a manta.

Kwanakin baya na tarar da shi yana duba farashin PS5 ta hannu a waya, ni kuma a aljihuna akwai takardar da na rubuta kuɗin madabod da firosesa da ram. Muka nuna wa juna, kowa ya yi tsaki. Baba ya leƙo soron zai wuce masallaci, ya tsaya ya ɗan kalli talabijin ɗin, ya ce:

"Auta, wanga mai jar riga kai na? To ba ka iya ba. Ba yayanka shi gwada."